Mil Nawa Ce Ganuwar Kano? Harsashin Lissafi na Ilimin Awo

Gabatarwa

Ƙofar Dukawuya tana yammacin ganuwar birnin Kano, tsakanin Ƙofar Gadon Ƙaya da Ƙofar Kabuga, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618–1623) ne Wambai Giwa ya gina tsagin ganuwar da ya tashi daga Dukawuya zuwa Kabuga, ya zarce Kansakali. Wannan faɗaɗawa ta ƙara wa birnin girma, ta kuma ƙara wa ganuwar tsawo. To, amma nawa ne tsawon nata?

Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa kewayen ganuwar ya kai kimanin mil 15, tsayinta ƙafa 30, ƙofofinta 15. Shi kuwa Lugard, a rahoton da ya rubuta bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ya ce kewayen mil 11 ne, ƙofofi kuma 13. Ƙofofi ƙirga su ake yi, kuma ana iya toshe wata ko a buɗe wata. Amma da wuya a ce ganuwa ta tsuke da mil 4 cikin shekara 79. Ruwa ba ya tsami banza.

Kafin a yanke hukuncin wane ne ya fi kusa da gaskiya, akwai tambayar da ta riga wannan: me ake nufi idan an ce tsawon abu kaza ne? Wane dalili ne ya halatta mana ɗora lamba a kan ginin ƙasa, ko hatsi, ko zafin rana? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa lambar awo wakiliya ce ta wata dangantaka da ke tsakanin abubuwa, kuma wakilcin nata yana da sharuɗɗa. Inda sharuɗɗan suka cika, lamba ta faɗi gaskiya. Inda suka karye, sai ta yaudari mai ita.

Awo ya girmi lamba

Bahaushe ya daɗe yana awo da jikinsa. Yana auna zane da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Yana auna zurfin rijiya da gaba, wato buɗin hannuwa biyu. Ƙananan abubuwa ya auna su da taƙi ko ɗani, fili kuma da taki. A kasuwa akwai mudu da tiya da kwano domin hatsi.

Idan mai karatu ya lura da abin da mai awo yake yi, zai ga ayyuka biyu ne kawai. Na farko kwatanci: a jera abubuwa biyu a ga wanda ya fi. Na biyu haɗi: a ɗora kamu a bakin kamu, ko a zuba mudu a kan mudu. Duk ayyukan biyu ana iya yin su ba tare da an ambaci lamba ko ɗaya ba. Magini yana iya gane cewa wannan azara ta fi waccan tsawo, kuma azara biyu gajeru idan an haɗa bakinsu sun yi daidai da doguwa guda, alhali bai taɓa riƙa tef ba.

Masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ne ya fito da wannan batu fili a wata maƙala da ya buga a 1887 kan ƙirga da awo. Tambayarsa ita ce: wane hali ne dole abubuwa su kasance da shi kafin lissafin lambobi ya dace da su? A 1901 wani masanin lissafi, shi ma Bajamushe, Otto Hölder, ya tsara amsar a matsayin ƙa'idoji, ya kuma kafa hujja a kansu.

Sharuɗɗa uku

Ana iya taƙaita jigon waɗannan ƙa'idoji cikin sharuɗɗa uku.

Sharaɗi na farko shi ne jeri. Kowace sanda biyu da aka ɗauko, ko dai ɗaya ta fi, ko su yi daidai. Bugu da ƙari, idan ta farko ta fi ta biyu, ta biyu kuma ta fi ta uku, lalle ne ta farko ta fi ta uku.

Sharaɗi na biyu shi ne haɗi. Sanda biyu idan aka haɗa su sun fi kowacce ita kaɗai. Ba ruwan sakamakon da wadda aka fara ajiyewa. Har ila yau, idan wannan ta fi waccan, aka ƙara wa kowacce sanda iri ɗaya, wadda ta fi ɗin ita ce za ta ci gaba da fi.

Sharaɗi na uku ana jingina shi ga Arkimidis, masanin Girka da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ma'anarsa ita ce, komai ƙanƙantar abu, idan aka yi ta jera irinsa, wata rana zai zarce babban abu komai girmansa. Taƙin yaro ƙarami ne, amma idan aka yi haƙuri zai ƙure nisan Dukawuya zuwa Kabuga. Wannan sharaɗi ne ya hana a sami tsawon da ma'auni ba zai iya cim masa ba.

Idan waɗannan sharuɗɗa suka tabbata, tare da cewa ana iya samun guntuwar da za ta cike giɓin da ke tsakanin doguwa da gajeruwa, lissafi ya tabbatar da sakamako biyu. Na ɗaya, ana iya ba kowace sanda lamba ta yadda wadda ta fi tsawo ita ke da lamba mafi girma, kuma lambar sanda biyu da aka haɗa ita ce jimlar lambobinsu. Wannan shi ne hukuncin wakilci. Na biyu, duk wata hanya ta daban da za a bi a ba da irin waɗannan lambobi, bambancinta da ta farko bai wuce a ninka dukkan lambobin da adadi guda ba. Wannan shi ne hukuncin kaɗaitaka. Daga mil zuwa kilomita ana ninkawa da 1.609344, daga yadi zuwa mita da 0.9144. Turmin atamfa mai yadi 6 da ake saya a Kantin Kwari mita 5.4864 ne, zanen kuwa bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Yadda lamba take fitowa

Bari mu ga yadda kwatanci da haɗi kaɗai suke haifar da lamba. A ɗauki wata gora da ake son aunawa da kamu. Aka gwada, aka ga ta fi kamu 2, ba ta kai 3 ba. Sai a jera gora 10 irinta, a tarar sun fi kamu 23, ba su kai 24 ba. Ke nan gora ɗaya tana tsakanin 2.3 da 2.4. A jera 100, a tarar suna tsakanin kamu 236 da 237. Ke nan tana tsakanin 2.36 da 2.37. Kowane mataki yana ƙara matse lambar, kamar yadda ake ritsa akuya a lungu, har ya zama wuri ɗaya tak ya rage mata.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tana cikin littafi na biyar na Uƙlidis, kuma masana suna danganta ta ga Yudoksas, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Abin da ya tilasta wa Girkawa ƙirƙiro ta shi ne wata matsala da suka ci karo da ita. Maginanmu sun san cewa idan gefe ɗaya 3 ne, ɗayan 4, to igiyar da ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa 5 ce cif, da haka suke daidaita kusurwar ɗaki. Amma idan ɗakin murabba'i ne, kowane gefe mita 1, igiyar da ta ratsa shi 1.41421 ce da ɗoriya, ɗoriyar kuwa ba ta ƙarewa. Babu wani ma'auni, komai ƙanƙantarsa, da zai shiga gefen ɗakin da igiyar duka biyu ba tare da saura ba. Saboda haka ƙirga kaɗai ba ta wadatar da awo. Abin da awo yake kamawa shi ne nisba, wato sau nawa wannan ya ninka wancan, ko da nisbar ba ta rubutuwa da lambobin ƙirga biyu.

Inda sharuɗɗan suke karyewa

Kada a ɗauka waɗannan sharuɗɗa zancen da kowa ya sani ne wanda ba ya bukatar gwaji. Hali ne na duniya, kuma akwai inda ba ya tabbata.

A auni mudu ɗaya na wake da mudu ɗaya na gero, a gauraya su, sannan a sake aunawa. Ba za a sami mudu biyu cikakku ba, domin gero ya shige cikin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin wake. A nan ɗaya da ɗaya ba su ba da biyu ba. Lissafi bai yi ƙarya ba, gaurayawar ce ba ta cika sharaɗin haɗi ba. Da a kan sikeli aka ɗora su, da nauyin gaurayen ya yi daidai da jimlar nauyin biyun. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa awon hatsi da nauyi ya fi awonsa da mudu tsare haƙƙin mai saye da mai sayarwa.

Haka kuma, idan aka zuba kofin ruwa mai zafin digiri 30 a kan wani kofin mai digiri 30, ba za a sami digiri 60 ba. Yawan ruwan ya ninka, zafinsa yana nan a 30.

Shi ma sharaɗin jeri yana iya karyewa. Masanin nan na Amurka R. Duncan Luce ya kawo misali a 1956, wanda kowane mai shayi zai gane. A jera kofuna masu yawa, kowane kofi ya fi na gabansa da ƙwayar sukari ɗaya. Harshe ba zai bambanta kofi na farko da na biyu ba, haka na biyu da na uku, har zuwa ƙarshe. Amma na farko da na ƙarshe kowa zai ji bambancinsu. Ashe “daidai” a wurin harshe, da ido, da kowace na'ura, yana da iyakar da ba ya gani bayanta.

Wace magana ce ke da ma'ana?

Tun da akwai abubuwan da ba sa haɗuwa kamar sanda, sai muhawara ta tashi. Norman Campbell, masanin fiziks na Ingila, ya tsaya a littafinsa na 1920 kan cewa awo na asali sai abin da yake haɗuwa, kamar tsawo da nauyi da lokaci, sauran kuma daga waɗannan ake ciro su, kamar yadda ake samun gudu ta raba nisa da lokaci. Wani kwamiti da ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya ta kafa a 1932 ya yi shekara takwas yana muhawara kan ko ana iya auna ƙarfin sauti yadda kunne yake jin sa, ya tashi a 1940 ba tare da an daidaita ba.

A 1946 S. S. Stevens na Jami'ar Harvard ya kawo mafita. Ya ce a daina tambayar ko wannan awo ne, a tambayi wane irin sauyi ne za a yi wa lambobin ba tare da an ɓata saƙonsu ba. Da haka ya kasa sikelin awo gida huɗu.

Akwai lambar suna, kamar lambar rigar ɗan ƙwallo: mai 10 bai ninka mai 5 a komai ba. Akwai lambar jeri, kamar na ɗaya da na biyu da na uku a aji, ko sikelin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda lu'ulu'u yake da 10 saboda yana karce duk sauran. Lambar jeri tana faɗin wanda ya fi, ba ta faɗin da nawa ya fi. Akwai sikelin tazara, wanda sifirinsa zaɓi ne, kamar digirin Salshiyas da shekarun kalanda. Sai sikelin nisba, wanda sifirinsa na gaske ne, kamar tsawo da nauyi.

Amfanin wannan rabo yana bayyana a misali. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 da rana. Idan wata safiya aka sami digiri 20, mutum zai iya cewa zafin rana ya ninka na safe sau biyu. Amma a ma'aunin Faranhait lambobin su ne 104 da 68, nisbarsu kimanin 1.5. A ma'aunin Kelbin kuwa 313.15 ne da 293.15, nisbarsu ba ta kai 1.07 ba. Maganar da take sauyawa idan an sauya ma'auni, magana ce a kan ma'aunin, ba ta faɗi komai game da yanayi ba. A gwada wannan da ganuwa: mil 15 da mil 11 su ne kilomita 24.1 da 17.7, kuma a kowane ma'auni adadin Clapperton ya ninka na Lugard kimanin sau 1.36. Wannan magana tana da ma'ana. Haka nan ya kamata malami ya yi hattara kafin ya ce ɗalibin da ya ci maki 80 ya ninka mai 40 a ilimi.

An tattara wannan fanni a wani babban aiki mai juzu'i uku na David Krantz da Duncan Luce da Patrick Suppes da Amos Tversky, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1971, sauran biyun a 1989 da 1990.

Daga jikin mutum zuwa hasken fitila

Hukuncin kaɗaitaka ya nuna cewa zaɓen ma'auni yarjejeniya ce. Lissafi bai fifita mita a kan kamu ba. Aibin kamu shi ne na dogo ya fi na gajere, mudun wannan kasuwa kuma ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, ga kuma bambancin cika shi ya yi tudu da shafe bakinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ta nan ne tauye mudu yake shigowa.

Musulmi sun daɗe da sanin wannan matsala, domin zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi (S.A.W.) huɗu, nisabin hatsi kuma sa'i 300. A ƙasar Maroko an adana tsofaffin mudu na tagulla waɗanda aka zana wa silsila a jiki, wato an gwada wannan da mudun wane, shi kuma da na wane. Irin wannan silsila ce ilimin awo na zamani yake nema ga kowane sikeli da tef.

A 1791 Faransawa suka yanke cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Delambre da Méchain suka yi daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan Dunkirk zuwa Basalona, aka ƙera sandar mita a 1799, daga baya aka gano ta gaza da kimanin milimita 0.2. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita, a 1889 aka amince da sabuwar sanda da dutsen kilo, aka adana su kusa da birnin Faris. Nijeriya ta koma wannan tsari a shekarun 1970.

Amma abin da aka ƙera yana iya sauyawa. Saboda haka aka koma ga abin da ba ya tsufa. Tun 1967 daƙiƙa ita ce tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 na wani haske da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam take fitarwa. Tun 1983 mita ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya daga 299,792,458 na daƙiƙa. A ranar 20 ga Mayu, 2019, aka sauke dutsen kilo daga matsayinsa, aka ɗaure kilogiram da wani tsayayyen adadi na halitta mai sunan Max Planck.

Kowane awo da inuwar shakka

Ko da ma'auni ya tsaya, saɓani kamar na Clapperton da Lugard yana iya fitowa ta ƙofa uku.

Ta farko ita ce kuskuren da yake yawo, yau sama gobe ƙasa, kamar na mai taki wanda takunsa ba ya zama ɗaya. Maganinsa maimaitawa da ɗaukar matsakaici. Lissafin da Legendre ya buga a 1805 da Gauss a 1809 shi ne tushen wannan aiki. Awo 4 yana rage irin wannan kuskure zuwa rabi, awo 100 zuwa kashi ɗaya cikin goma.

Ta biyu ita ce kuskuren da ya karkata gefe guda, kamar igiyar awo da ta saki ta ƙara tsawo. Ko sau dubu aka maimaita, ba zai ragu ba, sai an gwada igiyar da ma'aunin da ya fi ta inganci.

Ta uku ta fi zurfi, ita ce rashin fayyace abin da ake aunawa. Lugard ya ce kaurin ganuwar a gindi ya kai kimanin ƙafa 40. To, ta ciki za a bi, ko ta waje, ko ta kan badala? Za a shiga kowane lungu na bakin ƙofa, ko a tsallake? Lewis Fry Richardson ya lura cewa Sifen ta ce iyakarta da Fotugal kilomita 987 ce, Fotugal kuma ta ce 1,214. Ya nuna cewa layi mai karkace-karkace yana ƙara tsawo duk lokacin da aka rage tsawon ma'auni, domin ƙaramin ma'auni yana shiga lungunan da babba yake tsallakewa. Benoit Mandelbrot ya gina kan wannan a 1967.

Saboda waɗannan dalilai ne ƙungiyoyin awo na duniya suka fitar da jagora a 1993, wanda ya tanadi cewa sakamakon awo bai cika ba sai an faɗi adadi, da ma'auni, da gwargwadon shakkar da ke tattare da shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai iya riƙe tambayoyi huɗu da zai yi wa kowace lamba da aka miƙo masa da sunan awo, ko a kasuwa, ko a takardar fili, ko a asibiti, ko a ɗakin gwaji. Mene ne ainihin abin da aka auna? Da wane ma'auni, kuma da me aka gwada shi? Wane irin sikeli ne, wato wane lissafi ne ya halatta a yi da lambar? Nawa ne faɗin shakkarta?

Sassa da yawa na ganuwar Kano sun zube, wasu kuma an yi gini a kansu. Ɗaliban kimiyya da na safiyo za su yi wa tarihi hidima idan suka auna abin da ya rage, alal misali daga Dukawuya zuwa Kabuga, suka rubuta layin da suka bi, da na'urar da suka yi aiki da ita, da ranar awon, da shakkar da ke cikinsa. Adadin da aka rubuta ta wannan hanya shi ne wanda na baya za su iya gwadawa da nasu.